Darasin Lafiyar Iyali: Allurar Shawara da Waɗanda Garkuwar Jikinsu ke Yaƙar Jikinsu

A ƙarshen shekara ta 2018 ma'aikatan lafiya suka bazu cikin Jihar Neja da akwatunan sanyi, suna yi wa jama'a allurar rigakafin zazzaɓin shawara, daga ɗan wata 9 har zuwa mai shekara 44. Dalili kuwa shi ne cutar ta sāke ɓulla a Ƙaramar Hukumar Ifelodun ta Jihar Kwara cikin Satumba 2017, ta kuma yaɗu zuwa jihohi da dama, har da Neja. A irin wannan gangami akan kafa teburi a makarantu da kasuwanni da ƙofofin majami'u da masallatai. A unguwa mai cunkoso kamar Sabon Gari ta Minna layi yakan yi tsawo, ma'aikaci kuwa ba ya samun sukunin yi wa kowa tambaya. Cikin masu shiga irin wannan layi akwai wasu ƙalilan da ya kamata su ga likita kafin su miƙa hannu, su ne kuwa wannan darasi ya shafa.

Da fari, ya kamata a san ko mece ce allurar. Ƙwayar cutar ce da kanta, da ranta, amma an raunana ta. Asalinta jinin wani mutum ne mai suna Asibi, wanda ya kamu da shawara a ƙasar da ake kira Gana yau, a 1927. Daga wannan ƙwaya Max Theiler ya samar da rigakafin a 1937. Jiki mai lafiya yakan murƙushe ƙwayar cikin 'yan kwanaki, ya kuma riƙe kamanninta. Cikin kwana 30, mutum 99 cikin 100 sukan sami kariya, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Idan aka tuna cewa rabin waɗanda cutar ta tsananta musu sukan mutu cikin kwana 7 zuwa 10, ba a bukatar doguwar gardama a kan amfaninta.

Akwai dai waɗanda garkuwar jikinsu, maimakon ta tsare gida, sai ta juya ta fāɗa wa masu gidan. Haka yake ga mai lufus, da mai amosanin gaɓoɓi irin wanda likitoci ke kira rumatoyid, wanda yakan kumbura yatsu ya sa su sandare da safe. Domin a kwantar da wannan faɗa, likita yakan ba da magungunan da ke danne garkuwar, kamar firednisolon, da metotirezet, da azatayofirin. A nan matsalar take. Garkuwar da aka danne tana iya kāsa riƙe ko da raunanniyar ƙwaya, har ta hayayyafa ta taɓa hanta da ƙoda kamar ainihin cutar. Wannan abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, bai kai mutum ɗaya cikin allura 100,000 ba, amma idan ya auku yakan yi kisa.

Saboda haka abin da likita zai fi dubawa shi ne maganin da mutum yake sha, da yawansa, da tsawon lokacin da ya yi yana sha. Wanda ya sha firednisolon miligiram 20 ko fiye a kowace rana har mako biyu, ba a yi masa allurar sai bayan wata ɗaya da dainawa. Wasu magungunan suna bukatar jira fiye da haka. Mai ciwon mayastiniya, wanda ke raunana tsoka ya sa fatar ido ta riƙa faɗuwa, ba a yi masa ita sam, haka kuma duk wanda aka cire masa halittar nan ta cikin ƙirji da ake kira taimus.

Abin ƙarfafa zuciya ya fito daga Barazil, inda annobar 2016 zuwa 2018 ta tilasta wa likitoci yanke shawara a kan irin waɗannan majiyyata. Wani bincike da aka buga a 2020 ya bi mutum 227 masu irin waɗannan cututtuka, waɗanda ciwonsu ya lafa, aka kuma tsara maganinsu kafin allurar. Ba a ga mummunar illa ba, sai dai kashi 78 cikin 100 ne suka sami kariya, alhali cikin masu lafiya kashi 96 ne. Wato ƙofa ba a rufe take ba, amma likita ne yake riƙe da mabuɗi. Kada kowa ya daina maganinsa da kansa don ya sami allura, gama lufus da ya tashi yana iya lalata ƙoda, daina firednisolon farat ɗaya kuma hatsari ne mai zaman kansa.

Wani abin damuwa shi ne mutane da yawa suna shan firednisolon ko dezametazon daga kemis, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu ma don neman ƙiba, ba su kuwa san suna danne garkuwarsu ba. Ya dace mai zuwa Babban Asibitin Minna ko wani asibiti ya tattara dukan kwalayen maganinsa cikin leda ya nuna, har da wanda yake jin kunyar ambata.

Wanda likita ya hana shi allura, idan tafiya ƙasar waje ta kama shi, sai ya nemi takardar uzuri daga likita maimakon sayen katin bogi, wanda ba ya hana sauro cizo. A gida kuma, sauron da ke yaɗa shawara a gari da rana yake cizo, yana kuma ƙyanƙyasa cikin ruwan da aka ajiye a duro da randa da tsofaffin tayoyi, don haka gidan sauro na dare kaɗai bai wadatar ba. A rufe mazuban ruwa, a kife abin da ba a amfani da shi. Sa'an nan sauran mutanen gidan su tabbata an yi musu allurar, a kai jarirai su karɓi tasu a wata na 9, domin sauron da bai sami mai cutar ya ciza ba, ba shi da abin da zai kai wa majiyyacin.