Me Ke Riƙe Katafila a Gangare?

Mun sha ganin katafilar haƙa ƙasa a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wajen Sheme da 'Yankara. Mai ne ke juya injin da ke jan sarƙarta. Idan direba ya sa ta a firi, bawul yakan toshe hanyoyin man duka biyu. Da yake mai ba ya matsuwa, sai injin ya tsaya cik.

To, amma kada mu saki jiki. Man yakan zurare kaɗan-kaɗan ta cikin injin, har katafila ta fara sulalewa a gangare irin na duwatsun Faskari. Shi ya sa aka yi mata birki mai sifirin. Ƙarfin mai ke sakinsa, da zarar ƙarfin ya faɗi sai ya damƙe. Duk da haka, mu bari direba ya sauke bokitinta ƙasa kafin mu matsa kusa.