Darasi na 9: Haruffa Masu Tudu

Sau da yawa mukan ga harafin farko na sunan mutum ɗinke a goshin hula. Wani a shafe yake, wani kuwa ya yi tudu. Sirrin tudun shi ne soso.

Tela yakan ɗora soso mai kaurin milimita 3 a kan yadi. Sai keken ɗinki ya bi siffar harafin, ya lulluɓe soson da zare. Allura tana huda gefen soson, don haka ragowar takan cire cikin sauƙi. Idan ɗinkin bai matsu ba, soson zai leƙo, aikin ya ɓaci.

Tambayoyi
1. Me ke sa harafi ya yi tudu?
2. Yaushe aikin yakan ɓaci?