Darasi: Tohon Itace da Ya Ƙetare Iyaka

Kafin a soma, bari mai koyarwa ya sa a karanta Fitowa 22:5, 6, da Matta 18:15-17.

Gabatarwa

Tun sa'anda Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, aka kuma kafa jami'a a 1980, wadda ake kira Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tun 1988, mutane suka yi ta ƙaruwa a Yelwa, a bakin hanyar Dass. Aka yanyanka gonaki suka zama fuloti. Itacen da dā yake tsaye a tsakiyar gona, yau taki kaɗan ne tsakaninsa da katangar maƙwabci.

A ce kana da dogon yaro a bayan gidanka. Ran nan maƙwabcinka ya tarar da toho ya fito cikin lambunsa, yana shanye ruwan alayyafonsa, saiwa kuma ta soma tsaga katangarsa. Alhakin wa ke nan? Kada mu rena tambayan nan, gama irinta ta raba gidajen da suka yi shekaru suna cin tuwo tare.

1. Halin itacen

Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga wajen Indiya ne. An kawo shi Borno a 1928, ya kuwa bazu ko'ina a Arewa. Saiwoyinsa sukan yi tafiya mai nisa a ƙarƙashin ƙasa. Inda fartanya ko diga ta yi wa saiwa rauni, ko kuwa aka sare gindin, sai toho ya fito daga jikin saiwar. Haka gwaiba take yi. Ayuba ma ya lura da wannan, ya yi zancen itacen da aka sare ya sake tohuwa da jin ƙanshin ruwa (Ayuba 14:7-9).

Amma ba kowane tsiro ne toho ba. Tsuntsaye da jemagu sukan yar da 'ya'yan dogon yaro su tsiro. Sai a tona a duba. Tsiron iri yana da tasa saiwar, yakan fita da sauƙi. Toho kuwa yana manne da babbar saiwa wadda ta nufi wajen uwar. A bincika tukuna kafin a ɗora wa mutum laifi.

2. Abin da Shari'ar Musa ta koya

Shari'a ba ta ambaci toho ba, amma ta ba mu ma'auni. Wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, an umarce shi ya biya daga mafi kyaun amfanin gonarsa. Wanda ya kunna wuta, ta bi ƙaya ta cinye dammunan wani, shi zai biya. Mu lura: mai wutan nan bai yi nufin ɓarna ba, duk da haka ba a sake shi ba. Abin da ya tashi daga wurinka ya cuci wani, naka ne.

A Fitowa 21:28, 29 kuma an bambanta tsakanin mai sa wanda bai san sansa yana tunkuyi ba, da wanda aka faɗa masa amma ya ƙi tsare shi. Na biyun ne mai babban laifi. Watau sani yana ƙara nauyi. Ran da maƙwabci ya nuna maka tohon, daga ran nan ba ka da sauran hujja.

3. Wajibin mai itace

Kada ka ce, "Ai ba ni na shuka shi a lambunsa ba." Kai ne kake shan inuwar itacen, kai ne kuma za ka ɗauki wahalarsa. Ka nemi izini ka shiga ka gani da idonka. Sare toho a bisa ƙasa aikin banza ne, gama da ruwan fari waɗansu za su fito a madadinsa. Sai a haƙa rami a bin iyaka, a datse saiwar, a tone ragowarta daga cikin lambun, a riƙa dubawa kowace damina. Idan katanga ta tsage ko shuka ta lalace, ka gyara, ka biya da abu mai kyau, ba da ragowa ba. Idan kuwa za ka dasa sabon itace, ka nisanta shi daga iyaka da rijiya da masai.

4. Wajibin wanda aka cuta

A 1894 babbar kotun Ingila ta yanke cewa mutum yana da iko ya sare rassan da suka ƙetaro cikin filinsa ko bai sanar da mai itacen ba, muddin bai shiga filin mutumin ba. Amma mai bi ba ya tsaya a kan abin da yake da iko kaɗai. Ubangiji Yesu ya koya mana mu fara zuwa wurin ɗan'uwa mu biyu kaɗai; idan ya ƙi ji, a tafi da mutum ɗaya ko biyu; bayan haka a kai gaban ikilisiya. Idan maƙwabcin ba na ikilisiya ba ne, matakin fari bai sāke ba. In ya gāgara, a nemi dattawa da mai unguwa.

Kada ka zuba wa toho maganin kashe ciyawa a ɓoye. Da yake yana haɗe da uwar, dafin yana iya bin saiwa ya illata itacen maƙwabcinka. Sa'an nan kai da aka cuta ka zama macuci. Kada kuma ka matsar da shinge da sunan gyara. Kubawar Shari'a 19:14 ta hana kawar da shaidar iyaka.

5. Saiwar da ba a gani

Marubucin Ibraniyawa ya kwatanta ɗacin rai da saiwa mai tsirowa ta ƙazantar da mutane da yawa (12:15). Haushin da aka binne yana tafiya a ɓoye kamar saiwar dogon yaro, ya ɓullo wurin mata a bakin rijiya, da wurin yara a hanyar makaranta. A Yelwa Kirista da Musulmi, da kabilu dabam dabam, suna zaune katanga da katanga, mutane kuma ba su manta da tashin hankalin Disamba 2007 ba. A irin wannan wuri ƙaramar gardama ba ta daɗe tana ƙarama. Bulus ya gargaɗe mu mu yi iyakar ƙoƙarinmu wajen zaman lafiya da kowa (Romawa 12:18). Hausawa kuma sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Don me aka sa mai kunna wuta ya biya, ko da bai yi nufin ɓarna ba?
2. Ƙaƙa za a bambanta toho da tsiron iri?
3. Idan mai itacen gwauruwa ce marar ƙarfi, mene ne ya wajaba a kan samarin ikilisiya?
4. Akwai wani abu naka, ko itace, ko akuya, ko ruwan wanka, da ke damun maƙwabcinka? Yaushe za ka je wurinsa?

Addu'a

Ya Ubanmu, ka buɗe idanunmu mu ga ɓarnar da ke fita daga gidajenmu. Ka ba mu tawali'u mu gyara, ka ba mu haƙuri sa'anda aka cuce mu, ka tumɓuke ɗaci daga zukatanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.