Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Ɗana, na ji ka kama aiki, har albashi ya fara shigowa. Allah ya sa albarka, ya sa ka fara a sa'a. Tun da sauran sanyin safiya nake so in ja kunnenka a kan kuɗi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka shigo neman na kai a lokaci mai wuya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka tashi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma kai ma ka san inda wannan yake tsayawa a gidan mai iyali. Tsadar kasuwa ba a hannunka take ba. Abin da ke hannunka shi ne ƙofofin da kuɗinka ke fita ta cikinsu.

Mafi faɗin waɗannan ƙofofi ita ce "kar a ce". Kar a ce wayarka tsohuwa ce. Kar a ce ba ka yi ankon bikin abokinka ba. Kar a ce shaddar da ka sa a ƙaramar Sallah ita ka maimaita a babba. To, su wa za su ce? Masu cewar nan ba sa nan ranar da mai gidan haya zai yi sallama, ba kuma su ne za su tsaya maka a layin biyan kuɗin magani ba. Kafin ka zaro kuɗi, tambayi kanka: da ba wanda zai ga abin nan, zan saya? In amsar a'a ce, mayar da hannunka aljihu.

Ka riƙe wannan sosai idan maganar aurenka ta taso. Abin da ke ɗaura aure sananne ne: waliyyi, shaidu, sadaki da siga. Kamu da dina da jerin akwatunan lefe al'ada ce, kowa ya yi gwargwadon ƙarfinsa. Gidaje da yawa sun fara zaman aure da bashin da aka ci don shagalin dare ɗaya, amarya na ɗaki ango na ɓuya wa masu bin sa. Ku zauna da iyayen yarinyar a faɗi gaskiya. Mutanen kirki sun fi son surukin da zai iya cefane bayan biki.

Sai ƙananan ƙofofi: katin data da ke ƙarewa a kallon bidiyo, cajin mai POS don ka cire kuɗi sau biyar maimakon sau ɗaya, tsire da lemo a majalisa kowane dare. Samu ɗan littafi ka rubuta duk abin da ka kashe na wata guda, ko na naira hamsin ne. Ranar da ka tara lissafin, ba sai wani ya yi maka wa'azi ba. Caca ta ƙwallo kuwa, da bashin manhajar waya mai ruwa, kada ka ko leƙa. Addini ya hana, kuma masu irin wannan bashi kan bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka a wurin dangi.

Ranar da albashi ya shigo, ajiya za ka fara cirewa, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, sannan ka yi hidima da saura. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba zai taɓa ajiyewa ba. Shiga adashi da mutanen da ka san amanarsu, kuma ka yanke abin da za ka yi da kwasarka tun kafin ta zo. In ta dace da kaka, sayi buhun masara ko gero lokacin da hatsi ke araha, don a tsakiyar damina ne farashi kan hau. Kakanninmu ba su gina rumbu don ado ba, kuma da irin wannan tanadi Annabi Yusuf, alaihis salam, ya fitar da mutanen Masar daga shekarun fari.

Kada ka ɗauka rowa nake koya maka. Haƙƙin mahaifiyarka, da zumunci, da sadaka, suna cikin lissafi tun farko. Mai tattali shi ke da abin miƙawa ranar da ɗan'uwa ya zo da takardar asibiti. Almubazzari sai dai ya ce "Allah ya sawwaƙe".

Fara da wannan watan, kada ka jira sai an ƙara albashi, don wanda bai iya riƙe dubu ba, miliyan ma zubewa za ta yi. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka wadatar zuci, ya tsare ka daga bashi.