Ka San Halin Magani Kafin Ka Zaɓa Masa Mazubi

Ɗana, na ji an ba ka bincike a tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Bayero a kan laifosom, 'yan mitsi-mitsin kumfar maiƙon nan da ake ɗura wa maganin ciwon daji. Allah Ya sa albarka. Nasihata ɗaya ce: kafin ka tambayi wane maiƙo ya fi, fara sanin halin maganin da zai zauna a cikinsa.

Tun da Alec Bangham ya bayyana laifosom a Ingila a shekarun 1960, ƙirarsa ba ta sauya ba: ruwa a tsakiya, bangon maiƙo ninki biyu a kewaye. Maganin da ke narkewa a ruwa, tsakiya yake zama. Wanda ba ya jituwa da ruwa, jikin bangon yake shigewa. Shi kuma bangon ya danganta da irin maiƙon. Kowace uwargida a Gaya ta san man gyada kwarara yake, kakide kuwa a daskare yake sai an ɗora shi a wuta. Maiƙon laifosom ma haka ya kasu.

Dubi Doxil, wanda Amurka ta amince da shi a 1995 don sankarar Kaposi ga masu ƙanjamau. An gina bangonsa da maiƙon waken soya da aka ƙarfafa, wanda ba ya sakin jiki sai zafi ya haura digiri 50, aka haɗa da kolestirol. Doksorubisin, maganin da ke cikinsa, yana kulle a tsakiya, ba ya saurin tsiyaya cikin jini mai digiri 37, shi ya sa illar da yake yi wa zuciya ta ragu. A nan, taurin bango alheri ne.

To, kada ka kwafi wannan haɗin don paklitaksel, wani maganin ciwon dajin. Shi da ƙyar yake narkewa a ruwa. A allurarsa mai suna Taxol ma da wani sinadari daga man zurma ake narka shi, kuma jikin wasu majinyata ba ya karɓar sinadarin. A laifosom mazauninsa bango ne. Bango mai tauri ba ya ba shi wuri, kolestirol in ya yi yawa rigayarsa yake ya cike gurbin. Maiƙo mai laushi, irin na gwaiduwar ƙwai, ya fi ɗaukarsa, sai dai ya fi saurin yoyo da lalacewa in iska ta shige shi. Kuma in ka yi zari ka cika maganin, yau za ka ga ya haɗu sumul, bayan kwanaki ya fice ya kwanta kamar gishiri. Don haka kada ka yi murna da awon ranar farko. Sake aunawa bayan makonni, ka rubuta abin da ka gani ko da bai yi maka daɗi ba.

Sannan ka tuna wa kake yi dominsa. Majinyacin Ajingi sai ya haɗa kuɗin mota da na magani kafin ya isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Doxil yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a barin sa ya ƙanƙare. Mu kuwa zafin Afrilu yakan wuce 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Gwada haɗinka a zafin ƙasarmu tun da wuri, ka kuma duba ko zai busu ya zama gari, a jiƙa shi sai lokacin allura.

Allah Ya ba ka haƙuri da basira, Ya sa marasa lafiya su amfana.