TANKA DA MANUWA DA JIRGIN SAMA

A zamanin da, in yaƙi ya tashi a ƙasar Zamfara, doki shi ne babban abin dogara. Barade su kan sa sulke, su yi wa dawakinsu lifidi, dakaru kuwa su bi su da baka da kibiya. Haka mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suka san yaƙi. Amma cikin ƙarni na 20 waɗansu makamai uku suka sāke al'amarin yaƙi duka, watau tanka da manuwa da jirgin sama.

Tanka wata irin mota ce wadda aka lulluɓe da ƙarfe mai kauri, aka ɗora mata igwa. Ba ta tafiya bisa taya, sai bisa sarƙa, don haka rami da taɓo ba su cika tsai da ita ba. Turawan Ingila ne suka fara shiga da ita yaƙi, a ƙasar Faransa, cikin 1916.

Manuwa kuwa jirgin ruwa ne na yaƙi, mai ɗauke da manyan igogi. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne rakiyar jiragen da ke ɗauke da soja da kaya, don kada abokan gāba su nutsad da su.

Jirgin sama ya fara sauka Kano cikin Nuwamba 1925. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar. Jama'a suka yi ta al'ajabi.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke cikin 1939, Nijeriya tana hannun Ingila. Aka ɗebi samari da yawa aikin soja daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato, wanda a lokacin Anka da Gummi da Bukkuyum ke cikinsa. Kano kuma ta zama zangon jiragen sama. Tun daga 1940 a kan kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, a harhaɗa su. Sa'an nan su tashi, su yada zango a Kano da Maiduguri, su wuce Hartum, har su kai fagen fama a Masar.

Cikin 1943 aka sa wata babbar runduna ta sojan Afirka ta Yamma, mai lamba 81, cikin jiragen ruwa. Manuwa na rakiyarsu, suka kewaya ta kudancin Afirka, suka sauka Indiya. Daga nan aka kai su ƙasar Bama don su yaƙi Japanawa.

To, a can ne aka ga iyakar ƙarfin na'ura. Kwarin kogin Kaladan, inda aka tura su, duwatsu ne da kurmi mai duhu. Babu hanyar mota, balle tanka ta shiga, manuwa kuwa tana can teku. Sai jirgin sama ya zama shi ne kasuwarsu da rumbunsu. Ya kan zo bisa kansu, ya jefo abinci da harsashi da magani, ɗaure da laima don su sauko a hankali. In an sami mai rauni, sai a sare daji a yi ɗan fili, ƙaramin jirgi ya sauka ya ɗauke shi.

Amma jirgi ba ya iya bin soja cikin kurmi. Kayan da ya jefo, mutane ne ke ɗauka a ka. Rundunar tana da dubban 'yan dako, su hau dutse, su ƙetare rafi, ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga abokan gāba a ɓoye. Ba don su ba, da masu bindiga ba su ci gaba ba. Cikin Janairu 1945 wannan runduna da 'yar'uwarta mai lamba 82 suka ci garin Miyohang. Cikin wannan shekara aka gama yaƙin.

Waɗansu sun komo gida, waɗansu kuwa can ƙasa ta rufe su, iyayensu ba su ga ko kabarinsu ba. An rubuta sunayen da yawa daga cikinsu jikin dutse a wata maƙabarta kusa da birnin Rangun. Ya kamata yaro ya san wannan: kome ƙarfin makami, wahalar yaƙi bisa kan mutum ta ke sauka. Shi ya sa a ke cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

TAMBAYOYI

1. Da waɗanne makamai a ke yaƙi a Zamfara a zamanin da?
2. Mene ne aikin manuwa?
3. Don me tanka ba ta shiga kwarin Kaladan ba?
4. Wane aiki 'yan dako suka yi a Bama?