Yadda Ake Hana Kwamfutar Gida Tambayar Kalmar Sirri

A cikin birnin Zazzau a yau, tun daga Kwarbai har Limancin Kona, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, akwai gidaje da dama da aka girke kwamfuta a ɗakin maigida ko a shigifa, domin garin da Allah Ya azurta da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kuma sauran manyan makarantu kewaye da shi, ba ya rasa ɗalibin da zai bar wa mahaifinsa tsohuwar na'urarsa idan ya sami sabuwa. Da ita dattijo yake muɗala'ar littattafan da aka ɗora masa, da ita uwargida take sauraron tafsiri, da ita kuma yara suke koyon rubutu. Sai dai abu guda yakan gajiyar da su duka, shi ne duk sa'ad da aka kunna ta sai ta tsaya ta ce a kawo kalmar sirri, alhali kuwa wutar lantarki tana iya ɗaukewa sau da yawa a yini guda, kowace ɗaukewa kuma sai an sake lalubar haruffan nan, waɗanda ba sa ma bayyana a fuskar na'urar sai ɗige-ɗige. Wanda yake karatun Larabci da ita ya fi kowa shan wahala, don sau da yawa yakan bar allon madannai a kan haruffan Larabci, ya yi ta buga kalmar daidai a zatonsa, ita kuwa na'ura tana ta ƙi.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin wannan tambaya kafin ya kawar da ita. A wajajen 1961, a wata babbar makarantar fasaha ta Amurka da ake kira MIT, wani masani mai suna Fernando Corbató da abokan aikinsa suka tsara yadda mutane da yawa za su yi tarayya a kan kwamfuta guda, sai ya zama wajibi a ba kowa kalmarsa don kada wani ya leƙa ajiyar wani. Misalinta kamar ƙofofin ganuwar nan tamu ne a zamanin da, lokacin da ake rufe su da dare, mai gadi ba ya buɗe wa kowa sai ya san ko wane ne. Inda ake tsoron baƙo, rufe ƙofa hikima ce. Inda babu mai shiga sai 'yan gida, mutum yana da ikon ya sauƙaƙa wa kansa.

To, ga yadda ake yi a kwamfutar da take aiki da Windows, wadda ita ce ta fi yawa a hannun jama'armu. Bayan ka shiga da kalmar sirrinka kamar kullum, sai ka danne madannin da yake ɗauke da hoton taga mai gida huɗu, wanda yake a layin ƙasa ta hannun hagu, kana danne da shi ka taɓa harafin R. Wani ɗan akwati zai fito. A cikinsa ka rubuta haruffa takwas ɗin nan a haɗe, netplwiz, ka danna OK. Nan za ka ga sunayen masu amfani da na'urar a jere, a samansu kuma akwai wani ɗan murabba'i mai alamar maki a ciki, da jimlar Turanci a gefensa wadda ta fara da Users must enter, ma'anarta dai dole ne mai shiga ya kawo suna da kalmar sirri. Ka zaɓi sunanka, ka taɓa murabba'in nan har makin ya gushe, sa'an nan ka danna Apply. Na'urar za ta nemi ka rubuta kalmar sau biyu, kuma a nan ake bukatar natsuwa ƙwarai, domin ba za ta gaya maka ka yi kuskure ba sai ka sake kunna ta. Idan da asusun Microsoft kake shiga, adireshin imel ɗinka za ka sa a gurbin suna, kalmar asusun kuma za ka rubuta, ba 'yan lambobin nan da ake kira PIN ba. Ka danna OK, ka kashe, ka kunna, insha Allahu za ta wuce kai tsaye.

A Windows 11, wadda ta fito a 2021, da kuma Windows 10 ta baya-bayan nan, wani lokaci murabba'in yakan ɓuya. Maganinsa shi ne a shiga Settings, a zaɓi Accounts, sa'an nan Sign-in options, a kashe sharaɗin da ya ce da Windows Hello kaɗai za a shiga, daga nan sai a koma a sake buɗe netplwiz. A wannan shafin ne kuma ake hana ta tambaya idan ta farka daga barcin da takan yi in an daɗe ba a taɓa ta ba.

Amma fa, ya kai mai karatu, ba kowace kwamfuta ce ta cancanci wannan rangwame ba, kuma ina roƙonka ka yi tunani a kan wannan fiye da yadda ka yi a kan madannai. Ta girke, wadda ba ta fita daga ɗaki, wadda babu abin da ke cikinta sai littattafai da karatun malamai, babu laifi a bar ta a buɗe. Ta tafi-da-gidanka kuwa, wadda ake sawa a jaka a hau mota da ita zuwa Samaru ko a ratsa kasuwar Sabon Gari, ko kusa kada a cire mata tambaya, domin ranar da ta faɗa hannun ɓarawo, ya sami wasiƙunka da hotunan iyalinka da hanyar shiga asusunka na banki duk a lokaci guda. Haka kuma wanda yake riƙe da lissafin masallaci, ko takardun rabon gado, ko sakamakon jarrabawar ɗaliban Islamiyya, ko kuɗin adashin mata, ya sani cewa abin da ke cikin na'urarsa ba nasa ba ne shi kaɗai, amana ce ta bayin Allah, kuma bai halatta ya sayi sauƙin kansa da tona asirin waɗanda suka amince masa ba. Mai irin wannan nauyi, idan tsawon kalmar ne ya dame shi, ya sa a yi masa gajeruwar lamba ta PIN, ya kuma sa a buɗe wa yara nasu sashe dabam a cikin na'urar.

Kada kuma wanda ya yi wannan gyara ya ɗauka kalmar sirrinsa ta shafe. Tana nan daram, na'urar ce kawai take rubuta masa ita a ɓoye, kuma za ta iya neman ta wata rana, musamman idan an kai ta wurin mai gyara ko an zo yin wani babban sauyi a cikinta. Tun da abin da ba a maimaitawa saurin fita yake daga ƙwaƙwalwa, sai ya rubuta ta a takarda ya adana a cikin akwatinsa, nesa da inda kwamfutar take. Idan baƙi sun cika gida, kamar lokacin suna ko biki ko hawan Salla, ya danne madannin taga tare da harafin L kafin ya tashi, nan take za ta kulle har sai an kawo kalmar. In kuwa ya so tambayar ta dawo gaba ɗaya, sai ya sake buɗe netplwiz ya mayar da makin cikin murabba'insa, ya danna OK.